Yadda kamfanin jiragen sama mai araha ke sallamar tsohon jirgi ya sayar da shi

Kamfanin da ke sayar da tikiti da araha yana cin riba ne idan jirgi ya wuni a sama yana jigila, kuma jiragensa duka iri ɗaya ne, matuƙi ɗaya da makaniki ɗaya su iya kowanne. Da zarar jirgi ya fara kwana a rumfar gyara fiye da yadda aka tsara, lokacin tunanin rabuwa da shi ya yi. Sai dai aikin yana farawa tun shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ranar sallama, domin abin da mai saye zai biya kuɗi a kansa abu biyu ne: kwanan da ya rage wa injinan, da takardun da ke tabbatar da hakan. Fenti da kujeru ba su cika shiga lissafi ba.

Tsayar da rana

Shekarun jirgi ba su ne ma'auni na farko ba. Ana duba sa'o'in tashi, sannan a duba sawu, wato tashi ɗaya da sauka ɗaya. A kowane sawu ana cika cikin jirgin da iska har jikinsa ya ɗan kumbura, in ya sauko ya saki. Wannan kumburi da sakin ne ke gajiyar da alminiyon, tsaga ta fara daga ramukan ƙusoshi inda faranti ya hau kan faranti. Jirgin kamfani mai araha yakan yi sawu biyar ko shida a rana, kusan 2,000 a shekara, saboda haka yana tsufa da wuri fiye da jirgin dogon zango mai shekaru irin nasa. Boeing 737-200 na kamfanin Aloha da rufinsa ya yage a sama a 1988 ya yi sawu kusan 90,000. A 2011 kuma wani 737-300 na Southwest ya tsage a saman jiki, ya yi saukar gaggawa a Yuma ta jihar Arizona. Yanzu kowane samfuri yana da iyakar da ba a ƙetarewa: A320 na kamfanin Airbus da aka tsawaita wa kwana yana kaiwa sawu 60,000 ko sa'a 120,000, 737-800 kuma sawu 100,000 ko sa'a 125,000.

Amma da wuya jirgi ya kai wannan iyaka kafin kuɗin gyara ya kore shi. Sashen tsara gyare-gyare zai zana jadawali na kowane jirgi, ya nuna ranakun manyan kashe-kashe guda uku. Na farko babban binciken jiki, wanda a A320 yake zuwa a shekara ta 6 da ta 12, a cire kujeru da bangon ciki da banɗakuna a nemi tsatsa. Na biyu garambawul ɗin ƙafafun sauka, kusan duk shekara 10. Na uku, wanda ya fi su tsada, kai injin masana'anta a buɗe shi. A nemo wurin da biyu ko uku daga cikinsu suka taru kusa da juna, a sa ranar sallama kafin su iso. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a yi wa jirgi babban garambawul sannan a sayar da shi bayan wata shida, domin kasuwa ba ta mayar da duk abin da aka kashe.

Doka ma tana iya tsayar da ranar. Southwest ya matso da ritayar jiragensa samfurin 737-300, ya sallami na ƙarshe ranar 29 ga Satumba 2017, ya fara jigila da 737 MAX ranar 1 ga Oktoba. Babban dalili shi ne batun horar da matuƙa: kamfanin bai so ya raba matuƙansa gida biyu saboda tazarar da ke tsakanin tsohon samfurin da sabon. Ga shi kuma wa'adin FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, na sanya na'urar rage haɗarin fashewar tankin mai yana cika a ƙarshen 2017 ɗin. A duba irin waɗannan wa'adodi tun da wuri. A kuma sa sallamar ta faɗo bayan lokacin cunkoson fasinja, kada a ajiye jirgi a watan da ya fi kawo kuɗi.

Kasuwa kanta tana hawa da sauka. A 2023, da matsalar ƙarfe ta bayyana a injinan Pratt & Whitney na A320neo aka ajiye ɗaruruwan sababbin jirage, sai darajar tsofaffin A320 da 737-800 da injinansu ta tashi. Kamfanin da bai ɗaure kansa da rana ɗaya ba a irin wannan lokaci shi ke cin moriya, ko ya ƙara aiki da jirgin, ko ya sayar da tsada.

Takardu

Nan ne ciniki ke lalacewa, kuma nan ya kamata a fi zuba ma'aikata. A ware mutum biyu ko uku da suka san tarihin gyaran jirgi, su fara tattarawa aƙalla wata 9 zuwa 12 kafin rana.

A cikin injin akwai faifai da sanduna masu juyawa waɗanda aka ƙayyade wa kwana. A injin CFM56-7B na 737-800, na tsakiyar injin suna da sawu 20,000, na baya 25,000, na fankar gaba 30,000. In suka cika sai a cire su a lalata, ko da ido bai ga komai a jikinsu ba. Kowane ɗaya dole ne a nuna tarihinsa tun daga ranar da ya fito masana'anta: wane injin aka ɗora shi, a kan wane jirgi, sawu nawa ya yi, a wane ƙarfin injin. In aka sami giɓi na wata uku a tarihin faifai ɗaya, mai saye zai ɗauke shi kamar wanda kwanansa ya ƙare, ya zabge kuɗinsa daga farashi. Giɓin yakan faru ne a lokacin da aka aro injin daga wani kamfani, ko aka sauya manhajar ajiye bayanai ba a kwafe komai ba. In tsohon mai jirgin ya rushe, samo takardar na iya ɗaukar watanni, wani lokaci ma ba a samu.

Sai jerin umarnin tilas na hukumomi. Kowane umarni da aka ce an cika, mai saye zai nemi ainihin katin aikin da makaniki ya sa wa hannu da hatiminsa, wanda sau da yawa har da tabon baƙin mai a jikinsa. Jadawalin kwamfuta da ke cewa an yi bai wadatar ba. Misali, a 2019 an gano tsaga a ƙarfen da ke haɗa fukafukai da gangar jikin 737-800 da 'yan uwansa, aka ba da umarnin gaggauta duba waɗanda suka haura sawu 30,000. Duk mai sayen wannan samfuri zai tambayi katin wannan bincike kafin ya tambayi launin kujeru.

Sai taswirar lotsa da faci. Kowace lotsa da motar kaya ta yi wa jirgi a bakin ƙofa, kowane faci da aka buga da ƙusoshi, dole ya kasance a taswirar da lambarsa, da ma'auninsa, da takardar da ta halatta gyaran. Hanyar da ta fi ita ce injiniya ya zagaya jirgin da tocila da taswirar a hannu, ya daidaita abin da ke jiki da abin da ke rubuce. Facin da ba shi da takarda sai an cire shi an sake, shi kuwa aikin kwanaki ne a rumfa.

Kowane kayan gyara da aka sauya yana buƙatar takardar shaidarsa, EASA Form 1 ta Turai ko FAA 8130-3 ta Amurka. Tun daga 2023, lokacin da aka gano wani kamfanin dillanci a Landan yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun jabu, masu saye sun koma kiran masana'antar da aka ce ta ba da shaidar don su tabbatar. A shirya kuma takardar da ke shaida cewa jirgin da injinansa ba su taɓa haɗari, gobara ko nutsewa a ruwan gishiri ba. Dillalan kayan gyara ba sa taɓa kayan da ba su da ita.

A ɗauki hoton komai a kwamfuta, a jera shi yadda mai saye zai iya bincike daga ƙasarsa, ainihin takardun kuma su zauna a kwalaye masu lamba a ɗaki marar danshi.

Wa zai saya

A sa mai kimantawa mai shaidar ISTAT, ƙungiyar masu cinikin jiragen sama ta duniya, ya fitar da farashi. Yakan fara da darajar jirgin a matsayin wanda ya ci rabin kwanan kowane babban gyara, sannan ya ƙara ko ya rage gwargwadon halin da yake ciki. A jirgin da ya haura shekara 20, injinan biyu su ne kaso mafi tsoka na kuɗin. Ga yadda mai saye ke lissafi: in faifan da ya fi kowanne tsufa a injin ya yi sawu 17,500 cikin 20,000, saura 2,500, wato shekara ɗaya da 'yan watanni ga mai yin sawu shida a rana. Ga mai jigilar kaya da ke sawu biyu da dare kuwa, shekara uku ne da ɗoriya. Shi ya sa injin ɗaya ke da farashi daban a wurin mutum biyu, kuma aikin mai sayarwa ne ya nemo wanda ragowar ta fi yi wa amfani.

Kamfanin da ke da jirage da yawa yana da wata dabara: kafin sallama a sauya injina tsakanin jirage, masu sauran kwana su koma kan jiragen da za su ci gaba da aiki, waɗanda suka kusa ƙarewa su tafi da wanda za a wargaza. A yi wannan kafin a tallata jirgin, domin lambar injin tana shiga yarjejeniya.

Jirgin da ke tsakiyar shekarunsa yakan sami wani kamfanin fasinja. Allegiant na Amurka, wanda ya sallami MD-80 na ƙarshe a Nuwamba 2018, ya cike gurbinsu da A319 da A320 na hannu, wasu daga cikinsu tsofaffin jiragen easyJet ne. 737-800 kuma ana mai da shi jirgin kaya: a yanka babbar ƙofa a gefen hagu, a ƙarfafa daɓe, a toshe tagogi, ya ɗauki kusan tan 23. Masu wannan aiki suna son jirgi marar manyan faci a wurin da za a yanka ƙofar, mai sauran sawu da yawa. Akwai masu saye na musamman ma, kamar kamfanin Coulson da ya sayi 737-300 guda shida daga Southwest don kashe gobarar daji. Abin da ya rage sai masu wargazawa.

Kada a zubo jirage 30 kasuwa a wata ɗaya. Farashin jirgin da na kayan gyaransa duka za su faɗi. A riƙa fitar da su kashi-kashi.

Ciniki

Ana farawa da takardar nuna niyya mai ɗauke da farashi, da wurin miƙawa, da wa'adin bincike. Mai saye ya ajiye kafin alƙalami a hannun amintaccen kamfani na uku, wanda za a mayar masa in bincike bai gamsar da shi ba, amma ya zama na mai sayarwa da zarar ya sa hannu cewa ya karɓi halin jirgin. Kafin nan a binciki mai sayen sosai, da wanda ke bayansa. Jirgi ko injin ƙirar Amurka da ya ɓulla a Iran ko Rasha ta hannun ɗan tsakiya na iya jawo wa mai sayarwa tuhumar karya takunkumi, don haka a sa sharaɗin inda jirgin zai ƙare a rubuce. La'adar dillali ma a rubuta ta tun farko.

Binciken jiki yana da sassa uku da ba a tsallakewa. Ana zura siririyar kyamara cikin injin ta ƙananan ramukan da aka tanada, a ɗauki bidiyon kowane layin fukafukan ciki da ɗakin ƙonewa, ana neman ƙuna, tsaga da gutsurewa. Ana tayar da injin a ƙasa a kai shi cikakken ƙarfi, a auna tazarar da ke tsakanin zafin hayaƙinsa da jan layi, wato iyakar zafin da aka halatta masa. Injin da tazararsa ta ƙanƙance ba zai daɗe a kan fiffike ba, musamman a ƙasa mai zafi. Sannan a yi gwajin tashi na awa ɗaya zuwa biyu da wakilin mai saye a ciki. Shawara ga mai sayarwa: ya yi nasa binciken kyamarar watanni kafin mai saye ya zo. Gano tsaga a gaban mai saye yana ba shi damar tsuga ragi yadda ya ga dama.

Yawancin tsofaffin jirage ana sayar da su ne a halin da suke, a inda suke, babu garanti bayan miƙawa. Abin da mai sayarwa ke lamuncewa shi ne mallaka: babu bashi, babu jingina. A duba rajistar jinginar jirage ta ƙasa da ƙasa da ke Dublin, wadda aka kafa ƙarƙashin yarjejeniyar Cape Town ta 2001, a tabbatar bankin da ya ba da rancen sayen jirgin ya cire sunansa daga gangar jiki da kowane injin daban. A biya kuɗin filayen jirgi da na kula da sararin samaniya, domin a Turai ana iya tsare jirgi saboda bashin tsohon mai shi. Wurin da jirgin yake a daidai lokacin da mallaka ta sauya shi ke tantance haraji, saboda haka a tuntuɓi lauya kafin a zaɓi filin miƙawa.

In zai jira mai saye

Jirgin da aka ajiye ba a daina kula da shi. Ana kai shi wuri busasshe kamar Victorville da Marana a Amurka, Teruel a Sifaniya ko Alice Springs a Ostareliya. A rufe bakin injin da bayansa, a sa buhunan tsotse danshi a ciki tare da katin da ke sauya launi in danshi ya yi yawa. In zaman zai yi tsawo a zuba man kariya a hanyoyin mai na injin. A cire batura, a zubar da ruwan sha da na banɗaki, a shafa giris a ƙafafun sauka, a riƙa gusar da jirgin lokaci-lokaci don kada tayoyi su lotse gefe ɗaya. A riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan tankin mai, domin a cikinsa ƙwayoyin halitta ke girma su ci alminiyon.

Ƙananan bututun auna gudu da ke gefen hancin jirgi su ne abin da aka fi sakaci da shi. Zanzaro na iya gina gidan laka a cikinsu cikin ɗan lokaci. Masu bincike sun kyautata zaton abin da ya toshe bututun Boeing 757 na Birgenair ke nan, wanda ya faɗa teku a 1996 bayan ya yi makonni a ajiye, mutum 189 suka rasu. A rufe su da murfi mai jan ƙyalle, a rubuta adadin murafen a littafin jirgi, a ƙirga su ranar da za a cire. Kowane zagayen dubawa a sa masa hannu, domin ajiyar da ba ta da takarda tana iya sa mai saye ya nemi a buɗe injin.

Ranar miƙawa

A goge suna da tambarin kamfani, a cire kayan da ba na jirgin ba ne, a share bayanan kamfani daga na'urori. Hukumar ƙasar mai sayarwa ta ba da shaidar lafiyar jirgi ta fitarwa, sannan ta soke rajista ta sanar da hukumar ƙasar mai saye, domin yarjejeniyar Chicago kan sufurin jiragen sama na duniya ta hana jirgi zama da rajistar ƙasa biyu a lokaci guda. Inshorar mai saye ta fara aiki a daidai mintin da ta mai sayarwa ta tsaya. A sauya lambar da jirgin ke aika wa na'urar hango jirage, da ta na'urar kiran agaji, in ba haka ba ƙararrawa za ta riƙa bugawa da sunan tsohuwar ƙasa.

In wargaza shi za a yi, a zaɓi kamfani mai shaidar AFRA, ƙungiyar masu wargaza jirage da sake amfani da kayansu. Ana fara cire injina, ƙaramin injin wutsiya, ƙafafun sauka da na'urorin ɗakin matuƙa yayin da jirgin ke ƙarƙashin kulawar injiniyoyi masu lasisi, kowane kaya da alamar cirewa. Sai a kwashe mai, batura da tukwanen kashe gobara kafin almakashin ƙarfe ya shiga. Gwajin da Airbus ya yi a Tarbes ta Faransa ya nuna ana iya sake amfani da kusan kashi 85 cikin 100 na nauyin jirgi. Kayan da kwanansu ya ƙare a yanka su ko a huda su a gaban shaida, a ɗauki hoto, don kada su dawo kasuwa da takardar jabu.

Ga mai saye daga Najeriya

Irin waɗannan jirage suna isowa nan. Max Air, Azman da Air Peace duka sun yi jigila da 737-300 ko 737-500 na hannu. Bayan faɗuwar jirgin EAS samfurin BAC 1-11 a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga Mayu 2002, gwamnati ta dakatar da samfurin ta kuma kafa ƙa'idar shekara 22 ga jirgin da za a shigo da shi. Saboda haka a fara da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya: a tabbatar da ƙa'idar shekaru da ke aiki a lokacin, a nemi izinin shigowa, a tsara zuwan jami'anta su duba jirgin a inda yake kafin a saki kuɗi.

Sannan a auna injin da yanayin da zai yi aiki. Tazarar zafin da ta wadatar a Dublin ba lallai ta wadatar a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke cin fukafukan cikin injin. A nemi bayanan sa-idon injin na wata shida na ƙarshe, a ga yadda tazarar ke raguwa, kada a tsaya ga lambar rana ɗaya. A lissafa babban gyara na gaba da dala, har da kuɗin kai jirgin rumfar da za ta yi shi da watannin da zai yi ba ya kawo ko kwabo. A ɗauki injiniya mai zaman kansa wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, ya zauna da kwalayen takardun mako biyu ko uku, kuma a sa a yarjejeniya cewa ainihin takardun za su taho tare da jirgin ranar miƙawa.